Mas'alar Ɗan Tsere da Zari-Rugan Amurka

Tun lokacin da wayar hannu ta zama ruwan dare, har ya kasance yaron da ke zaune a Malkohi, a gefen Yola, yana kallon abin da ake yi a filayen wasa na Amurka da sauƙin da yake kallon abin da ake yi a dandalin Ribadu na Jimeta, wata muhawara ta shigo majalisun samari da gidajen kallon ƙwallo wadda iyayenmu ba su san da ita ba. Za a nuna guntun hoton wani ƙato sanye da hular kwano da sulken kafaɗa, ya rungume wani ƙwallo mai siffar ƙwai yana sheƙa gudu, maza na binsa ba su cim masa ba, sa'an nan a ji labarin miliyoyin dalolin da ake biyansa, sai wani cikin masu kallo ya ce, "To, in dai gudu ne, ai sai a ɗauko wanda ya fi kowa gudu a duniya a miƙa masa ƙwallon, wa zai kama shi?" Wannan tambaya, ko da yake a bakin yara take fitowa, manya ma sun yi ta, domin attajirai masu kulob-kulob a Amurka sun yi irin wannan tunani tun shekaru sittin da suka wuce, sun zuba dukiya a kansa, kuma sakamakon gwajinsu yana nan a rubuce ga mai son ya duba.

Malamai sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san suffarsa, saboda haka bari mu fara da wasan kansa. Ana buga zari-rugan Amurka a fili mai tsawon yadi 100, ban da yadi 10 da aka ƙara a kowane ƙarshe inda ake cin maki, faɗinsa kuwa ya ɗan haura yadi 53. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Ɓangaren da ke riƙe da ƙwallo ana ba shi dama huɗu ya ci gaba da yadi 10, ko ta hanyar ɗauka a ruga, ko ta hanyar jefawa a cafe. In ya cika sai a sabunta masa huɗun, in ya gaza sai ƙwallo ya koma hannun abokan karawa, wanda kuwa ya shiga da shi ƙarshen fili ya ci maki 6. Babbar ƙungiyar masu sana'ar wasan, wadda ake kira NFL, tana da kulob 32, kuma wasanta na ƙarshe, Super Bowl, a watan Fabrairu ake yinsa. Duk wanda ya taɓa yin langa a dandali ba zai sha wuyar fahimta ba, gama a can ma akwai ruwa wanda ake so ya kai wurin sha, 'yan'uwansa suna tare masa hanya, abokan gaba suna neman kayar da shi. Kuma wanda ya yi langa ya sani cewa ba lallai mafi sauri ake naɗawa ruwa ba, sai wanda ya iya kaucewa, ya san lokacin dakatawa da lokacin kutsawa, kuma in an bangaje shi bai saki ƙafa ba.

Hujja mafi ƙarfi da masu cewa gudu ya wadatar suke kafawa ita ce ta Bob Hayes, kuma adalci ne a fara da ita. Shi ne ya ci lambar zinariya a tseren mita 100 a gasar Olamfik ta Tokyo a 1964, ya ƙara ta biyu a tseren miƙa sanda, sa'an nan a shekarar da ta biyo ya shiga kulob ɗin Dallas Cowboys a matsayin mai cafe ƙwallo, wato wanda ke rugawa gaba a jefo masa daga nesa. A kakarsa ta farko da ta biyu babu wanda ya fi shi a NFL yawan shiga ƙarshen fili da ƙwallon da ya cafe, sau 12 a 1965 da sau 13 a 1966, har ana cewa saboda shi ne masu horarwa suka yawaita tsarin tsaron yanki, inda kowane mai tsaro ke kula da wani sashe na fili maimakon ya bi mutum guda, tun da an rasa wanda zai bi Hayes ƙafa da ƙafa. Ya ci Super Bowl tare da Dallas a Janairun 1972, kuma har yau shi kaɗai ne ya haɗa zinariyar Olamfik da wannan kofi. Sai dai akwai abin da masu kafa hujja da shi suke tsallakewa, ko da gangan ko da mantuwa, shi ne cewa Hayes ya buga wannan wasa tun yana makarantar sakandare a Jacksonville, kuma saboda wasan ne jami'ar Florida A&M ta ɗauke shi. Ashe ɗan zari-ruga ne wanda Allah Ya hore wa gudu, ya je Tokyo ya ci tsere, ya komo gida ga sana'ar da ya tashi a cikinta.

Da masu kulob suka ga abin da Hayes ya yi, sai suka yi ƙiyasi a kansa ba tare da sun tantance illar hukuncin ba, suka bazama neman 'yan tsere. Jim Hines, wanda ya yi mita 100 cikin daƙiƙa 9.95 a Olamfik ta Meziko a 1968, bajintar da ta shekara 15 ba a karya ta ba, ya tafi Miami Dolphins, kuma duk abin da ya iya cafewa a kakar 1969 ƙwallo biyu ne, jimlarsu yadi 23, har abokan wasansa suka laƙaba masa sunan ba'a saboda yadda ƙwallo ke suɓuce masa. Tommie Smith, gwarzon mita 200 a wannan gasar ta Meziko, ya tafi Cincinnati Bengals ya cafe guda ɗaya tak. Justin Gatlin, wanda ya ci mita 100 a Atina a 2004, sa'ad da aka dakatar da shi daga tsere ya je gwaji a wasu kulob-kulob, cikinsu har da Tampa Bay a 2007, babu wanda ya ɗauke shi.

Amma labarin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na Renaldo Nehemiah, domin a cikinsa ne mas'alar ta fito fili ƙarara. Nehemiah shi ne mutum na farko da ya yi tseren tsallake shinge na mita 110 ƙasa da daƙiƙa 13, ya yi 12.93 a Zurich a 1981, kuma ba shakka mai irin wannan tsere ya fi mai miƙaƙƙen gudu iya sarrafa jiki, tun da sai ya ƙidaya takunsa tsakanin shinge da shinge. San Francisco 49ers suka ɗauke shi a 1982, alhali bai buga wasan a jami'a ba. Cikin kaka uku ya cafe ƙwallo 43, yadi 754, ya shiga ƙarshen fili sau huɗu, wanda ba abin kunya ba ne, amma kuma ba shi ne abin da aka sa rai ba. A 1983 ma an taɓa bangazar sa a wasa da Atlanta har ya suma a fili. A 1985 kulob ɗin ya ɗauki wani saurayi mai suna Jerry Rice, wanda masu gwaji suka riƙa kushewa da cewa ba shi da sauri, Nehemiah ya koma tsere, shi kuwa Rice ya zauna ya cafe ƙwallo 1,549 a rayuwarsa ta wasa, yadi 22,895, har galibin masana suka yi ittifaƙi a kan cewa ba a taɓa yin mai cafewa kamarsa ba. Kulob ɗaya, matsayi ɗaya, wanda ya fi gudu ya tafi, wanda ya fi sanin wasa ya gaje wurin.

To, mene ne sababi? Na farko dai, gudun da ake aunawa a tsere daban yake da gudun da ake bukata a wannan fili. Usain Bolt, sa'ad da ya yi daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009, sai tsakanin mita 60 da 80 ya kai ƙololuwar saurinsa, wajen kilomita 44 a awa; a zari-ruga kuwa kowane kai hari daƙiƙu kaɗan ne, kuma nadiri ne mutum ya sami fili ya miƙe yadi 40 ba tare da an tare shi ko ya karkata ba. Saboda haka ne a gwajin da NFL ke yi wa sababbin 'yan wasa kowace shekara a Indianapolis, yadi 40 ake aunawa, wato ƙasa da mita 37, kuma agogo yana fara tafiya ne daga motsin farko na mai gudu, saɓanin tsere inda yake farawa daga ƙarar bindiga, ta yadda jinkirin jin ƙarar ma yana cikin lissafi. Wanda ya kwatanta lokutan biyu kai tsaye ya yi kuskure. Ko a cikin 'yan wasan kansu ma wannan gwaji ba ya yanke hukunci: John Ross ya yi 4.22 a 2017, mafi sauri da aka auna har zuwa lokacin, Cincinnati suka yi rububin ɗaukarsa a matsayin na tara cikin zaɓen shekarar, ya gama kakarsa ta farko bai cafe ko guda ba.

Na biyu, kuma shi ne mafi muhimmanci a ganina, ɗan tsere an tarbiyyantar da jikinsa ne a kan ya tashi kada ya tsaya, alhali mai cafe ƙwallo rabin sana'arsa tsayawa ce. Ɗan tsere yana miƙe ƙirji, yana buɗe taku, idonsa a gaba, a cikin layin da doka ta haramta wa kowa shiga, shi ma in ya fita daga cikinsa an kore shi. Mai cafewa kuwa sai ya rage tsawo, ya gajarta taku, ya ruga yadi goma sha biyu kamar zai wuce, ya taka birki da ƙafa ɗaya, ya juya ya sami ƙwallo ya riga ya iso, domin mai jefawa, wanda galibi ba ya samun fiye da daƙiƙa uku kafin a rufe shi, ya saki ƙwallon ne tun kafin abokinsa ya waiwayo, bisa amanar cewa zai kasance a wurin da aka yi alkawari. In ya yi saurin isa, ƙwallo ya faɗi bayansa. In ya makara, abokin gaba ya ɗauke. A nan sauri ba tare da lissafi ba aibi ne. Ƙari a kan haka akwai haddar ɗaruruwan tsare-tsaren kai hari, kowanne da sunansa da alamarsa, da kuma iya karanta tsayuwar masu tsaro cikin ƙiftawar ido don a canza hanya, ilmin da yaron Amurka yake tarawa tun yana ɗan shekara bakwai ko takwas, wanda kuma babu wata dabara da za ta cusa shi cikin kan baligi a wata shida.

Sa'an nan ga karo. Mutum ya ɗaga hannu sama, idonsa na kan ƙwallo, haƙarƙarinsa a buɗe, yana kuma sane da cewa wani mai nauyin kilo 100 yana tahowa a guje don ya rabu da shi da abin da ya cafe. Wanda bai saba ba, jikinsa da kansa zai ƙanƙance, idonsa ya bar ƙwallo ya koma kan mai tahowa, kuma wannan ɗabi'a ce ta ɗan Adam wadda ba a zargin kowa a kanta. Willie Gault na Chicago Bears, wanda yana cikin 'yan Amurkan da suka kafa bajintar duniya a tseren miƙa sanda a Helsinki a 1983, da Tyreek Hill na zamaninmu, dukansu sun yi nasara, kuma dukansu, kamar Hayes, sun sha karo tun suna yara. In aka juya mas'alar ma haka take: DK Metcalf, wanda ake lissafawa cikin mafiya sauri a NFL, ya shiga tseren mita 100 a Kalifoniya a Mayun 2021, ya yi 10.37, ya zo na ƙarshe a rukuninsa. Namu Olusoji Fasuba ya yi 9.85 a Doha tun 2006.

Mu a nan bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, don mun ga irinsa a ƙwallon da muka sani. Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna, wanda ya buga wa Ajax, ya ci wa Najeriya ƙwallo biyu a ragar Afirka ta Kudu a Legas a 2000, da Ahmed Musa, wanda ya tashi daga Kano Pillars ya zura wa Ajantina biyu a 2014 ya kuma zura wa Iceland biyu a 2018, duk da gudu aka san su, amma gudun nasu da ƙwallo a ƙafa ya girma. Bolt, wanda zai bar su a baya a kowane tsere, ya je gwaji a kulob ɗin Central Coast Mariners na Ostareliya a 2018, ya ci biyu a wasan sada zumunci, aka rabu ba a ƙulla yarjejeniya ba.

Akwai ɗan Najeriya guda da za a iya kawowa a matsayin raddi ga duk abin da na faɗa, kuma ya cancanci a ba shi haƙƙinsa. Christian Okoye, haifaffen Inugu a 1961, ya tafi jami'ar Azusa Pacific a Kalifoniya a 1982, inda ɗan tseren nan Innocent Egbunike yake karatu, kuma sana'arsa jifan faifai ce. Da ba a sa sunansa a cikin tawagar Najeriya ta Olamfik ta 1984 ba, sai ɓacin rai ya sa ya juya ga zari-ruga yana ɗan shekara 23, bai taɓa buga shi ba. Kansas City Chiefs suka ɗauke shi a 1987, kuma a 1989 ya fi kowa a NFL yawan yadin da ya ci da ƙwallo a hannu, 1,480. To amma a lura da abu biyu. Ya yi kaka uku yana koyon wasan a jami'a kafin ya shiga cikin ƙwararru; kuma aikin da aka ba shi shi ne a danƙa masa ƙwallo hannu da hannu ya kutsa tsakiyar maza, aikin da nauyinsa na wajen kilo 115 tare da saurin tashi irin na mai jifa suka dace da shi, ba a dogara da shi wajen cafewa daga nesa ba. Duk da haka gwiwoyinsa ba su kai shi fiye da kaka shida ba, ya bari bayan 1992. Wani mai jifan faifai kuma, Lawrence Okoye na Ingila, wanda asalinsa ɗan Najeriya ne, ya kai zagayen ƙarshe a Olamfik ta Landan a 2012, ya tafi 49ers a 2013, ya yi ta yawo tsakanin kulob-kulob bai buga wasan gasa ko ɗaya ba, daga bisani ya koma jifansa. Hukunci dai a kan galibi ake gina shi, kuma Christian Okoye nadiri ne.

Su kansu masu NFL sun riga sun fahimci haka, kuma ana gane fahimtarsu daga irin mutanen da suke zuwa nema a ƙasarmu. Tun 2017 suke da shirin shigo da 'yan ƙasashen waje, kuma Osi Umenyiora, wanda ya ci Super Bowl sau biyu da New York Giants, shi ne jagoran neman a Afirka. An yi sansanin gwaji a Gana a 2022, a Kenya a 2023, a Legas a 2024. 'Yan Najeriyar da suka fita ta wannan ƙofa, irin su Roy Mbaeteka, Haggai Ndubuisi da C.J. Okoye, dogaye ne majiya ƙarfi masu nauyin gaske, da dama daga ƙwallon kwando suka fito, kuma a sahun gaba ake sa su inda ake ture-ture. Dalili kuwa a sarari yake: Amurka cike take da samari masu gudu waɗanda suka san wasan tun suna ƙanana, abin da ke wuyar samu shi ne mutum mai tsawon mita biyu da nauyin kilo 140 wanda kuma ƙafarsa ba ta da nauyi. Louis Rees-Zammit na Wales, wanda ya shahara da gudu a zari-rugan Turai, ya bi wannan shiri a 2024, bai buga wasan gasa ba, ya koma wasansa na asali a 2025. Jordan Mailata na Ostareliya, wanda girman jiki ya kai shi, ya ci Super Bowl da Philadelphia a Fabrairun 2025.

Wajibi ne kuma iyaye su san farashin abin. Ɗan ƙasarmu ne, Dakta Bennet Omalu, wanda ya yi karatun likita a Jami'ar Najeriya ta Nsukka, ya binciki ƙwaƙwalwar tsohon ɗan wasa Mike Webster a Pittsburgh a 2002, ya gano lalacewar da yawan buguwar kai ke haddasawa, ya wallafa a 2005, aka yi ta ƙaryata shi kafin a sallama. A 2017 masu bincike a Jami'ar Boston suka sami wannan cuta a ƙwaƙwalwa 110 cikin 111 na tsofaffin 'yan NFL da iyalansu suka bayar, ko da yake su ma sun yi gargaɗin cewa galibi waɗanda aka ga alamar ciwo a tare da su ne ake kawowa. Matsakaicin zaman ɗan wasa a NFL bai wuce shekara uku da 'yan watanni ba.

Malkohi wuri ne da ya karɓi dubban 'yan gudun hijira tun daga 2014, daga Gwoza da Madagali da Michika da sauran garuruwan da fitina ta tayar, kuma yaran da aka zo da su a goye yanzu samari ne da 'yan mata, cikinsu ba za a rasa masu ƙafa ba. Irin waɗannan su ne mayaudara suka fi saurin farauta da alkawarin fitar da su waje in an biya kuɗin takarda, saboda haka duk wanda ya zo ya ce gudun yaro kaɗai zai kai shi NFL, a nemi ya kawo hujja kafin a ba shi ko sisi. Hanyar da ke da ma'ana biyu ce. Wanda tserensa ya yi fice a bar shi a tsere, a nema masa mai horarwa da gasar makarantu, gama ta nan ne 'yan Najeriya da yawa suka sami gurbin karatu a jami'o'in Amurka. Wanda kuma zuciyarsa ke kan wasan, akwai nau'insa marar karo, mutum biyar-biyar, inda maimakon a kayar da mai ƙwallo sai a fizge ƙyallen da ke rataye a ƙugunsa. An shigar da shi gasar Olamfik ta Los Angeles ta 2028, kuma Najeriya, maza da mata, ita ta ci gasarsa ta Afirka a Alƙahira a 2025. Ba ya bukatar hular kwano ko sulke, ƙwallo ɗaya da ƙyallaye da fili sun isa, kuma a cikinsa ne yaro zai koyi birki da juyawa da cafewa tun ƙashinsa na ɗanye. Ina kira ga hukumar wasanni ta Jihar Adamawa, da shugabannin makarantun Yola da Jimeta, da masu hali cikin 'yan kasuwarmu, su shigar da shi wasannin firamare da sakandare, su kuma fara da makarantun Malkohi.